WAI GYATSAR SANIYA CE TA ƊUMAMA DUNIYA?



Kowane zamani da irin sandar da ake bugun mai saniya da ita. Kakanninmu sun sha jangali a hannun Nasara. Iyayenmu na Zango sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su tattara nasu ya nasu su bar Gana. Mu kuma mun ga korar makiyaya ta 1988 da ta 1999, mun ji hukuncin Babbar Kotun Kumasi na 2012 wanda ya ce a fitar da shanu daga ƙasar Agogo, mun kuma ga yadda soja da 'yan sanda suka shiga dajin a 2018 da sunan Operation Cow Leg, aka bar gawar shanu warwatse angulu suna biki. To, yanzu an sassaƙo wata sabuwar sanda, an shafa mata man ilmi tana ƙyalli. Wai shanunmu ne suke ɗumama duniya da gyatsarsu, wai kofatonsu ne ya jawo hamada, wai in ana son damina ta daidaita sai an rage su, ko a tsare su cikin waya.

Mu nan Zangon Ayigya, titin Akra kaɗai ya raba mu da babbar jami'ar kimiyya ta Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tek. 'Ya'yanmu suna karatu a can, suna dawowa gida da littattafai. Saboda haka wannan karon ba za a yi mana rufa-ido da Turanci ba. Ilmin da ake ɗaga mana kamar bulala, bari mu shimfiɗa shi a tabarma da Hausa, kowa ya ga wanda ya kamata ya sunkuyar da kai.

MENE NE KABON?

Ku ɗauki gawayi ku duba. Wannan baƙin abu shi ne masana ke kira kabon. Yana cikin itace da ciyawa, yana cikin nama da nono da man shanu, yana cikin jikin mai karanta wannan takarda. In aka ƙona shi, ko aka narkar da shi a ciki, ko ya ruɓe, sai ya haɗu da iska ya zama wani hayaƙi marar launi marar wari, shi ne iskar kabon. Allah Ya sa wannan iska ta zama kamar bargo a kan duniya, tana barin hasken rana ya shigo, tana tare wani ɓangare na zafin da zai fita. Da babu irin wannan bargo da duniya ta daskare. In kuma ya yi kauri fiye da kima, sai gumi.

Kabon ɗin nan ba a zaune yake ba, yawo yake yi, kuma hanyarsa biyu ce: akwai gajera, akwai doguwa. Duk rigimar da ake yi a kan bambancin hanyoyin nan biyu take, kuma shi ne abin da masu zargin saniya ke tsallakewa.

Gajerar hanya kowane yaro mai bin garke ya san ta, ko bai san sunanta ba. Ruwan farko ya sauka, gamba ta tsiro. Da me ta gina jikinta? Da ruwa da hasken rana da iskar kabon da ta zuƙo daga sama. Saniya ta ci gambar, ta kwanta ta yi tuƙa. Wani kashi ya zama nama da nono, wani ya fita da numfashi, wani ya faɗi ƙasa ya zama taki, wani kuma ya fita da gyatsa. Baɗi ciyawa ta sake tsirowa ta zuƙe abinta. Tamkar adashi ne, kuɗin nan dai su ne suke zagayawa daga hannu zuwa hannu. Saniya ba ta haƙo komai daga wani wuri ta ƙara a kai ba.

Doguwar hanya kuwa ba a lissafa ta da damina, sai da miliyoyin shekaru. Duwatsu masu aman wuta suna fitar da iskar kabon daga cikin ƙasa kaɗan-kaɗan. Ruwan sama yana ɗauko ta ya yi ɗan tsami, ya dinga cin dutse a hankali. Koguna irin su Pra da Volta da Kwara su kwashi abin da ya narke su kai teku. A can ƙananan halittu su gina ƙwanso da shi, su mutu, su taru a ƙasan teku, bayan zamani mai tsawo su zama farin dutsen da ake yin siminti da shi. Wanda ya san Kalambaina ta Sakkwato, inda masana'antar siminti take, to, dutsen da ake fasawa a can gindin teku ne na kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, har yau ana tsintar ƙwanson halittun ruwa a cikinsa. Haka nan wasu dazuzzuka da halittun ruwa suka nutse cikin laka ba su ruɓe ba, ƙasa ta danne su, suka zama kwal da ɗanyen mai da gas. Kwal mai yawa a Turai da Amurka ya kai shekara miliyan 300 a binne.

Wannan shi ne babban rumbun da Mahalicci Ya rufe. Don mu san girman rahamar rufe shi, mu ɗaga kai da asuba ko da magariba mu dubi Zara matar wata. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, amma nata kabon ɗin a sama yake, sama da kashi 96 cikin 100 na iskarta. Zafin ƙasarta ya haura digiri 460, dalma ma narkewa take yi. Namu kuwa aka kulle kusan dukansa a cikin dutse, aka bar ɗan kaɗan a sama daidai bargo.

WA YA FASA RUMBUN?

An haƙa ƙanƙarar da ke ƙarshen kudancin duniya, an ciro iskar da ta maƙale a cikinta tun shekara 800,000, an auna. A duk tsawon wannan zamani iskar kabon tana hawa tana sauka tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan, ba ta wuce nan ba. Kafin Turawa su fara injin kwal, wajen 1750, tana kan 280. A 1958, da aka fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, an same ta wajen 315. A 2024 ta wuce 420, kuma wannan shekarar ita ce ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta lissafi. Ɗumamar duniya gaskiya ce, mu ne ma shaidun farko, domin mu muke ganin tabkin da kan kai Fabrairu yana ƙafewa tun Disamba.

To, daga ina ƙarin ya fito? Shekara dubbai ana kiwo a Afirka da Asiya ma'aunin bai tsallake 300 ba. Ya tsallake ne ranar da aka fasa rumbun nan, aka dinga kwaso abin da aka tara cikin miliyoyin shekaru ana ƙonawa cikin shekara 200 da 'yan kai. A 2023 kaɗai, kwal da mai da gas da siminti sun zuba wa sama iskar kabon kimanin tan biliyan 37. Abin da dukan duwatsu masu aman wuta na duniya ke fitarwa a shekara bai kai kashi 2 cikin 100 na wannan ba. Ita kuwa doguwar hanya, wadda za ta share wannan ɓarna, tafiyar hawainiya take yi, sai an yi shekara dubban ɗaruruwa kafin dutse da ruwan sama su gama mayar da shi inda aka ɗauko shi.

In aka tara duk hayaƙin mai da kwal tun farkon zamanin inji, Amurka ita kaɗai ta ɗauki kusan rubu'i, Turai da Sin su ma sun ɗauki kaso mai yawa. Afirka baki ɗaya, da mutanenta da motocinta da masana'antunta, rabonta bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ba. Mutumin Gana bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke yana haura tan 13. Amma wai a cikin ɗan wannan rabo namu, mai sanda da goran ruwa, wanda yake taka ƙasa da ƙafa daga Bawku har Ejura, shi aka ga ya dace a nuna da yatsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

MAGANAR GYATSA

Ba za mu ɓoye abin da yake gaskiya ba, don mai gaskiya ba ya tsoron ma'auni. A cikin tumbin saniya akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa, suna fitar da wata iska da ake kira metan, irin wadda ke tashi daga fadama da shadda da juji. Ita ce ke fita da gyatsa, kuma ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2006 dabbobin gida na duniya ke da kashi 18 cikin 100 na hayaƙin da ɗan Adam ke jawowa, a 2013 ta ce 14.5, a 2023 ta ce 12. Waɗannan alƙaluma su ake karanto mana a taro. Amma akwai abu huɗu da ba a karantowa.

Na ɗaya, metan ba ta daɗewa. Cikin kimanin shekara 12 take rushewa ta koma iskar kabon, wadda dama daga ciyawa ta fito, ciyawar kuma ta sake ɗauka. Garken da yawansa bai ƙaru ba, abin da yake fitarwa bana kusan daidai yake da abin da ke rushewa daga na shekarun baya. Hayaƙin dizal kuwa sabon kaya ne daga rumbu, wani ɓangarensa zai zauna a sama har jikokin jikokinmu su tsufa, kullum na yau yana hawa kan na jiya.

Na biyu, wannan lissafi ya haɗa kowa a tukunya ɗaya. Ya haɗa kamfanonin da suka sare dajin Amazon na Barazil don kiwo da noman waken suya, da shanun Amurka da ake tsarewa dubbai a fili ɗaya ana ɗura musu masarar da aka noma da takin zamani da tarakta, da jiragen ruwa masu firji da ke yawo da nama. Sannan aka ɗauko Bunaji da Gudali da ke cin ciyawar Allah aka jefa a ciki, aka ce duk kanwar ja ce. A ma'aunin da masanan Majalisar suka fitar a 2006, saniyar madara ta Amurka tana fitar da metan sama da kilo 120 a shekara, tamu ta Afirka tsakanin 30 da 50. Sukan ce ai tasu ta fi nono, in aka raba bisa kowace lita tamu ta fi ɓarna. To, wa ya ce saniyarmu nono kaɗai take bayarwa? Ita ce taki, ita ce garma, ita ce banki, ita ce sadaki da kuɗin asibiti, kuma abin da take ci ɗan Adam ba ya ci.

Na uku, kafin shanu su cika dajin nan ba kango ba ne. Ɓauna da gwanki da barewa da raƙumin dawa duk masu tuƙa ne, duk masu gyatsa ne. Ciyawar da dabba ba ta ci ba, ko gara ta ci, ita ma gara metan take fitarwa, ko wutar rani ta lashe ta. Ko an kore saniya, kabon ɗin ciyawa sai ya koma sama, sai dai a rasa nama da nono a tsakani.

Na huɗu, an auna an gani. A yankin Ferlo na Senegal, ƙasar Fulani makiyaya, masana daga Faransa da Senegal sun bi shekara guda cur suna auna abin da dabbobi da ƙasa ke fitarwa da abin da itatuwa da ƙasa ke shanyewa a kewayen rijiyar burtsatsen Widu. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna hannu biyun sun yi kunnen doki, abin da ya fita daidai yake da abin da ya shiga. Gani ya kori ji.

HAMADA TA GIRMI GARKENMU

Sai zargi na biyu, wai mu muka jawo hamada da fari. Wannan tsohuwar tatsuniya ce. A 1935 wani Baturen gandun daji mai suna Stebbing, wanda ya zaga arewacin Nijeriya, ya rubuta cewa Sahara na tahowa da gudu saboda noma da kiwo. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, ya dawo ya ce bai ga hamadar tana tafiya ba. Bayan farin 1973, wani masani ɗan Amurka, Charney, ya fito a 1975 ya ce dabbobi ne suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, shi ya hana hadari haɗuwa. Da wannan magana aka yi shekaru ana tsara manufofin tsugunar da makiyaya. Sai a 2003 bincike ya nuna cewa abin da ya fi juya daminar Sahel shi ne ɗumi da sanyin ruwan tekuna, daga baya kuma aka gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na shekarun nan ya taimaka wajen tura hadari kudu. Watau dai an kashe mana shanu da fari, sannan aka ce mu muka jawo farin. Da ruwa ya dawo, Maradi da Damagaram suka sake yin kore, manoma suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 daga tsofaffin kututture, alhali dabbobi suna nan ba su je ko'ina ba.

Ba sai mun je nesa ba. Tabkin Bosomtwe yana nan kudu maso gabas da Kumasi, kimanin kilomita 30. Wani dutse ne ya faɗo daga sama sama da shekara miliyan ɗaya da suka wuce ya haƙa ramin, kuma tun daga lokacin laka take kwanciya a gindinsa shekara bisa shekara kamar shafukan littafi. Masana sun ciro lakar sun karanta. Abin da suka buga a 2009 ya nuna cewa cikin shekara 3,000 da suka wuce ƙasar nan ta sha fari na shekara 30 zuwa 40 sau da yawa, ta kuma sha wanda ya ɗauki ƙarnuka. Na baya-bayan nan ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750, ruwan tabkin ya ja baya har itatuwa suka tsiro a inda yau ruwa ya rufe, kututturensu na nan a nutse. Muna tambaya: garken wane Bafulatani ne yake kiwo a bakin Bosomtwe a 1400?

A can arewa kuma, tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, Sahara kanta kore ce shar. Tabkin Cadi a lokacin ya fi ƙasar Gana faɗi. A duwatsun Tassili na Aljeriya da na Azbin a Nijar har yau ga zanen shanu da makiyayansu, da na raƙumin dawa. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekara kimanin 8,000. Abin da ya busar da wannan ƙasa shi ne sauyin da ke faruwa a yadda duniya ke karkata tana kewaya rana, wanda kan ƙarfafa damina ya kuma raunana ta cikin kimanin shekara 20,000. Akwai masanin da ya ce makiyaya sun gaggauta bushewar, amma wasu masana na jami'ar Landan sun yi lissafi a 2018 suka ce alama ta nuna kiwo ya jinkirta ta ne da kusan shekara 500. Darasin shi ne: damina a ƙasashen nan ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma tafiya da garke ita ce dabarar da mutane suka samo don zama da ita. Yanzu da hayaƙin inji ke ƙara rikita ta, wannan dabara ta fi kowane lokaci amfani. Mai son ɗaure saniya wuri ɗaya a zamanin da ruwa ba ya da alkawari, shi ne bai fahimci canjin yanayi ba.

WA YA CI DAJIN ASANTE?

A Gana, babban rumbun kabon da ke bisa ƙasa shi ne kurmi. Kowane falke ya san dalilin da ya sa kakanninmu suke koro shanu daga arewa su sayar a Kumasi su sayi goro su koma, ba su tsaya kiwo ba: tsando da sammore. Saniya mai tozo ba ta rayuwa a cikin duhun kurmi. Ba ta shigo ba sai da zarto da gonar koko da gobarar 1983 suka buɗe dajin, tsando ya ja baya, ciyawa ta maye gurbin itace. Saniya ta zo ne a bayan gatari, ta tarar da aikin gama ya gama.

Ku je kasuwar katako ta Sokoban ku ga gungume, ku gaya mana wanne saniya ta kayar. Ku dubi ruwan Offin da Oda da Pra yadda galamsey ya mai da su kamar kunun kanwa. A 2022 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai a cikin gandun daji, a Fabrairun 2025 kuma ministan filaye ya shaida wa majalisa cewa gandu 44 cikin 288 na ƙasar suna fama da masu haƙar zinariya. A arewa kuwa, madobiya, wadda ganyenta ke ceton shanunmu a ƙarshen rani, ita aka yi wa kisan kiyashi ana lodawa zuwa Sin. Wata ƙungiyar bincike ta ƙiyasta a 2019 cewa an kwashe kimanin itace miliyan 6 tun daga 2012, duk da hanin da gwamnati ta sha sanarwa. Makiyayi reshe yake sassabewa ya bar uwar don baɗi, mai injin zarto daga gindi yake yankewa. Tun Disamban 2010 kuma Gana take haƙo nata man daga rijiyar Jubilee, watau mu ma mun sa hannu a babban rumbun. 

SABUWAR KASUWA

Abin da ya sa muka ɗaga murya yanzu shi ne, kabon ya zama haja. Mai masana'anta a Turai yakan biya kuɗi a ce an ajiye masa kabon a wani daji na Afirka, shi kuma ya ci gaba da hayaƙinsa. Gana ta sa hannu da Suwizalan a kan irin wannan ciniki a 2020. A 2021 ta shiga alkawarin da aka ɗauka a Glasgow na rage metan ta duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. A Janairun 2023 Bankin Duniya ya biya ta dala miliyan 4.8 saboda rage sarar daji a yankin koko. Ba mu ƙi a dasa itace ba, inuwarsa mu za mu fara sha. Amma filin da za a ce an keɓe don ajiyar kabon, a takarda akan rubuta shi fili ne da ba kowa, alhali shi ne makiyayarmu ta rani, ta nan burtali ya bi, can mashaya take. A arewacin Kenya an yi irin wannan ciniki a kan ƙasar makiyaya, har sai da suka kai ƙara, kotu a Isiolo ta yanke a Janairun 2025 cewa biyu daga cikin gandayen an kafa su ba bisa ƙa'ida ba, ba a nemi yardar jama'a yadda ya kamata ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: takin shanunmu ya gina ƙasa, wani ya sayar da kabon ɗin, mu a kore mu da sunan gyaran duniya.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga gwamnati da sarakunan ƙasa: kada a sa hannu a kan wani shirin kabon ko dashen itace a filin da ake kiwo sai an zauna da makiyayan wurin, an karanta musu takardar da harshen da suke ji, an rubuta rabonsu. A shata burtali da mashaya a sa su a taswira, a mutunta yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 a kan zirga-zirgar dabbobi. In za a rage metan, a fara da jujin birane da gas ɗin da ke tsiyaya a wuraren haƙar mai. Daga malaman Tek kuma: ku tsallako titi, ku zo kara ta Kaase da rugagen Afram ku auna shanunmu da ƙasarmu da kanku, ku daina aro lissafin shanun wasu kuna ɗora mana.

Daga kanmu kuwa, akwai aiki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai cinna wa daji wuta a tsakiyar rani don neman sabon toho, yana ƙona taki da ƙananan itatuwa, yana kuma miƙa wa abokan gaba hujja a faranti. Mai sakin garke cikin gonar mutane da dare, shi ne yake jawo wa dubu harsashi. Attajiran birni masu tara shanu ɗaruruwa su danƙa wa yaro ɗaya, su sani yawan da ya fi ƙarfin makiyaya yana kashe ta, kuma ƙaruwar garke ita ce ke ƙara metan. Saniya mai lafiya, wadda aka yi wa rigakafi, aka tanadar mata harawa da dusa, takan kai kasuwa da wuri, ta fi riba ga mai ita, ta fi sauƙi ga iska. Shugabannin kara da ardo-ardo da sarakunan Zango su ja kunnen nasu tun kafin wani ya ja musu.

Sannan duk inda aka kira taro a kan yanayi, mu je, mu zauna a gaba, mu yi tambaya ɗaya: kabon ɗin da kuke magana, na gajerar hanya ne ko na doguwa? Na ciyawar bana ne, ko na rumbun shekara miliyan 300? Wanda ya kasa amsawa ba shi da hurumin yanke wa saniya hukunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kara da ruga da bakin masallaci.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare dukiyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu manoma. Amin.